Naman da Ba a Yanka Ba

Na sauka a Jamus a watan Oktoban 2022 domin karatun digiri na biyu, a wani ƙaramin gari da ke gabashin ƙasar, kuma abin da ya fara takura mini, tun kafin sanyi da harshen mutanen, shi ne nama. Ni jikan mahauci ne, a gidanmu ba a ɗora tukunyar dare babu ko da ƙashi a ciki, sai ga ni a garin da kantunansa suke cike da naman alade, sauran naman kuma ban san wanda ya yanka ba. Idan ina son halal sai na hau jirgin ƙasa zuwa Laifzig, na bi titin Eisenbahnstraße inda Larabawa da Turkawa suke da shaguna, abin da aljihun ɗalibi ba zai ɗauka kowane mako ba.

Wata abokiyar karatuna, Bajamushiya da ba ta cin komai mai rai, ita ta nuna mini mafita. Ta kai ni wani sashe na kanti inda aka jera niƙaƙƙen nama da tsiran Turawa da yankakkiyar kaza, ta ce duk daga tsirrai aka yi su, babu jini babu yanka. Na yi murna ƙwarai. Na soya shi da albasa da yajin da na taho da shi, na ci da shinkafa, washegari na maimaita, haka dai safe da dare har kusan mako biyu. Cikina ya fara kumburi yana ƙugi kamar hadarin Agusta, amma na ɗora laifin a kan canjin ruwa.

A ginin jami'a muna da ɗan ɗaki da muke haɗuwa mu yi salla, kuma saboda ɗan karatun allo da na yi, ɗaliban Siriya da Pakistan sukan tura ni gaba, ni ma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan. Wata magariba, a raka'a ta biyu, ina tsakiyar sura, iskar da na wuni ina dannewa ta ƙwace mini. Na yi abin da malaminmu ya koya mana tun muna yara, na jawo na bayana ya ci gaba da limanci, na riƙe hanci kamar mai haɓo na ratsa sahu na fita. Da an bar ni a haka da na tsira da mutuncina. Sai ga wani bawan Allah ɗan Siriya, bayan an sallame, ya biyo ni wurin alwala da takardar goge hanci, yana cewa na zauna tukuna kada jiri ya ɗebe ni, yana ta leƙen hancin da babu ɗigon jini ko ɗaya a cikinsa. Da ya gane, ya yi shiru ya mayar da takardarsa aljihu, kuma wannan shirun ya fi mini dariya ciwo. Na yi kwana goma ban leƙa ɗakin ba.

Likitar da na gani ta nemi na kawo mata ledar abin da nake ci. Ta karanta bayanta, ta nuna mini garin waken suya da furotin ɗin alkama da garin albasa da tafarnuwa, da wani sinadari mai suna inulin da ake samu daga saiwar tsiron cikori. Ta ce a cikin wake akwai wasu nau'o'in sukari, rafinos da istakiyos, waɗanda ƙaramin hanjin ɗan Adam ba shi da abin narkar da su, don haka sukan wuce babban hanji yadda suke, ƙwayoyin bakteriyar da ke can su yi ta cinsu suna fitar da iska, kuma inulin da albasa da tafarnuwa duk hanyar da suke bi ke nan. Ba ta ba ni magani ba, ta ce na rage yawan da nake ci, na daina jera kwanaki a kansa.

Da na kira gida na ba Inna labari, na ɓoye mata zancen sallar. Ni ɗan fari ne, ba ta ambatar sunana, sai ta ce, "Kai yanzu duk tafiyar nan da ka yi, awara ka je kana saye da kuɗin Turawa?" Na ce ai awara ba ta taɓa yi mini haka ba. Ta ce to ai ita awara sai an jiƙa waken, an markaɗa, an tace, an tafasa, an zuba ruwan tsami ta dunƙule, sannan a ɗaure ta a ƙyalle a ɗora dutse har ruwan ya tsane. Daga baya na karanta cewa wannan sukarin yana narkewa a ruwa, mafi yawansa yana bin ruwan da ake matsewa ya tafi. Shekara da shekaru ina ganin dutsen nan a bakin madafa, ƙanwata tana ɗora shi da asuba kafin ta tafi makaranta, ban taɓa tambayar amfaninsa ba.

Inna ta dage sai ta aiko mini da kilishin gidanmu ta hannun wani mai tahowa. Na yi mata bayani cewa dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga ƙasashenmu, za a ƙwace a filin jirgi. Ta ce wace irin ƙasa ce za ta hana kilishi ta yarda da na bogi. Abin da ya iso hannuna bayan wata guda shi ne ƙullin kanwa da daddawa da kuka, da saƙon murya daga ƙanwata tana dariya tana koya mini yadda ake gane awara ta kama. Na yi sau uku, ta ukun ce kawai ta dunƙule, kuma da littafin koyon Jamusanci na danne ta domin ba ni da dutse.