Matar da na kora daga ƙofar ɗakin magani

Watana huɗu a Jidda na tafka abin kunyar da har yau, in na tuna shi, sai zufa ta karyo mini. Na iso ne a 2022, bayan na shafe kusan shekara ina bin takardu: tantance shaidar karatu ta hannun Dataflow, jarrabawar Prometric, sannan lasisin hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, wanda in babu shi ko farasitamol ba za a bar ka ka miƙa wa majinyaci ba. Kamfanin da ya ɗauke ni yana da asibitoci da shagunan magani a garuruwa da dama, ni kuwa aka ajiye ni a ɗakin magani na wani reshe, aikin dare.

Wajen ƙarfe biyu na wani dare, wata dattijuwa baƙar fata, sanye da abaya marar ado, ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen firinjin da muke ajiye insulin, maganin ciwon sukari, da alluran rigakafi. Ta tambaye ni da Larabci ina takardar da muke rubuta sanyin firinjin. Na ɗauka mai zaman jinya ce barci ya ƙi ɗaukarta, don haka na nuna mata kujerun jira da hannu, na juya ga abokiyar aikina 'yar Zariya na ce da Hausa, "'Yan Takarin nan da shisshigi suke, ko'ina sai sun cusa kai."

Matar ta dube ni, ta ce da wata irin Hausa da Larabci ya lanƙwasa mata harshe, "'Yata, 'yar Takarin ce ta sa hannu a takardar ɗaukarki aiki. Kawo takardar."

Shugabar kamfanin ce gaba ɗaya. Na miƙa mata hannuna yana rawa, kuma kamar an shirya, gurbin ƙarfe goma sha biyu babu komai a ciki, na manta ban rubuta ba. Ta ɗora bakin biro a wurin, ta tuna mini cewa maganin nan tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi, kuma sa'ar da ba a rubuta ba babu wanda zai iya rantsuwa a kanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kai ni ƙara ba. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Daga baya tsofaffin ma'aikata suka ba ni labarinta. Kakanta da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, ya sauke farali ya zauna a Makka, kamar dubban da jikokinsu ke amsa sunan Hausawi a yau. Ita kuma a irin tagar da nake tsaye ta fara, tana ƙirga ƙwayoyi da daddare, ƙanenta yana kawo ta yana ɗaukarta, tun da sai a watan Yunin 2018 aka bar mata su tuƙa mota a ƙasar nan. Da aka mayar da ita sashen sayen magani sai ta koyi lissafin kuɗi. Lokacin da dokar inshorar lafiya ta 1999 ta fara tilasta wa kamfanoni yi wa ma'aikatansu baƙi inshora, ta riga mazan da ke samanta gane cewa kuɗin asibitin kuɗi daga kamfanonin inshora zai riƙa fitowa, kuma takarda ɗaya da aka cike ba daidai ba tana iya hana a biya. Sanin takarda ne ya kai ta kujerar da take kai, shi ya sa har yanzu take yawon dare tana duba gurbin da aka tsallake.

Na yi alfahari da ita ƙwarai, amma alfaharin bai hana ni kwana ina kuka a ɗakin da muke haya mu uku ba. Na zo ƙasar mutane ina ƙorafin ana kallona a wulaƙance saboda fatata da igamar da ke jakata, wato katin izinin zaman baƙo, sai ga shi ni ce na yi wa 'yar'uwata irin wannan kallon.

Yaya kaɗai na iya faɗa wa. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a gidanmu, aka cire ta daga aji biyar aka yi mata aure, yanzu tana riƙe da ɗan kemis a zauren gidan mijinta a Kano, da littafin bashi wanda ko sisi ba ya ɓacewa a cikinsa. Kuɗin adashinta ne ya biya mini jarrabawa. Na taɓa ce mata Stella Okoli ma da ƙaramin shago ta fara a Legas a 1977 kafin kamfaninta na haɗa magunguna, Emzor, ya zama abin da ya zama, ta ce in bar ta da tatsuniya.

Da na gama ba ta labari a waya, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ke dai bakinki ba ya da linzami tun kina ƙarama." Sannan ta tambaye ni ko firinjin namu yana ɗaukewa. Na ce a'a. Ta yi shiru, ta ce nata kwana uku ke nan babu wuta, insulin ɗin wani tsoho a randa ta tsoma shi cikin leda, in tambayo mata riyal nawa ake sayar da mai aiki da hasken rana.