Yau na zama tolye a ƙofar gidana

Lahadi da dare. Yatsuna na zogi, ƙarƙashin faratana fari fat kamar wanda ya wuni a injin niƙa, amma bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Sati uku ke nan da amalanken jaki ɗauke da kara ya goge mini ƙofar baya ta Corolla, ina dawowa daga Jiratawa. Yaron da ke kora shi bai fi shekara goma ba, sai na ce masa Allah ya kiyaye gaba, na wuce. Kwarzanen ya kai taƙi uku. Ban da shi akwai wani ɗan kumburi a saman tayar baya, kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin fenti, wanda tun tsakiyar damina nake ganinsa ina kau da kai. Na kai wa wani tolye, wato mai gyaran jikin mota, ya zagaya motar sau biyu yana taɓe baki, ya ce jika arba'in, kuma in bar masa ita kwana uku. Kuɗin da sauƙi a kan kwana ukun, don wa zai kai yara lakkal?

Jiya na shiga kasuwa na haɗo kaya: samfefa kala huɗu, mai lamba 80, 180, 400 da 1500 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), ƙaramin gwangwanin mastik na cike lotsawa da maganinsa ja mai sa shi daskarewa, gwangwanin antiruy na fesawa, wato fentin hana tsatsa, farin fenti, tef na takarda da ɗan dilwan, ruwan tsinka fenti. Mai shagon ne ya tambaye ni lambar fentin motar, na tsaya ina kallonsa, ni a ganina fari ai fari ne. Ya biyo ni waje ya nuna mini ƴar faranti a jikin motar, inda aka rubuta C/TR, a gabansa 040. Shekara takwas ina tuƙa motar nan ban taɓa lura da ita ba.

Da na dawo daga sallar asuba na turo ta ƙarƙashin rumfa. Da farko na so inuwar bedin ƙofar gida, sai na tuna tsuntsaye da abin da suke saukewa. Na wanke gefen da omo, na goge da tsumma, sannan na bi kwarzanen da farce. Farkonsa da ƙarshensa farce na wucewa sumul, in na jiƙa wurin ma sai layin ya ɓace, wato sama-sama ne kawai. A tsakiya kuwa, wajen taƙi ɗaya, farce na maƙalewa, ga ƙarfe a fili har ya fara yin ja, ga kuma ƴar lotsawa. Na sama-saman bai ci mini minti ashirin ba: samfefa 1500 da ruwa, a hankali, sai man goge mota.

Sai na juya kan ƙwayar waken. Na sa bakin sukudireba na ɗan danna, fentin ya fashe kamar ɓawon ƙwai, jan gari ya zubo mini a kan takalmi. Na ci gaba da kankarewa, fentin na ci gaba da ɗagowa, abin da na ɗauka ƙwayar wake ne ya koma faɗin tafin hannuna. A ƙarƙashi kuma na tarar da tsohon mastik mai kaurin ɗan yatsa, wani ya taɓa shafa shi kai tsaye a kan tsatsa ya fesa fenti ya rufe. Ban san ko a Turai aka yi ba, ko a Kwatano kafin a hau da ita, ko nan garin kafin ta zo hannuna. Ko wane ne dai, tsatsar ta yi shekaru tana cin abinta a ɓoye.

Ina tsugune sai ga Alhaji maƙwabcina da butarsa.

"Malam, mi ya yi zafi haka da sassafe? Ka canza sana'a ne?"

Na nuna masa. Ya duƙa ya duba, ya ce shi abin da ke ba shi mamaki, garin da ke wata takwas ba ɗigon ruwa, ina mota ta samo tsatsa? Na ce masa ai da ciwonta ta zo. Motocin nan da muke saye sun yi rabin rayuwarsu a ƙasashen da ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishiri da ruwa kuwa su ne abincin tsatsa, sannan su zo su zauna a bakin teku suna jiran mai saye. Mu kuma mu ƙarasa da namu: lakar damina ta maƙale a leɓen ƙarfen da ke saman taya, ta riƙe danshi, ba mai tunanin sa hannu ya wanke can ciki. Na zura hannu don in nuna masa, na ciro dunƙulen busasshiyar laka kamar curin fura. Alhaji ya yi dariya, ya ce bari ya je ya leƙa tasa.

Na naɗe samfefa 80 a jikin ɗan katako na yi ta gurza har ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutum ke son ya yi wa kansa wayo, don duk baƙin ɗigon da ka bari, daga shi za ta sake tashi. Sa'a guda da rabi ina abu ɗaya. Da na gama na ɗaga kai, sai na hango haske ta wani ɗan rami a gefen leɓen, bai fi ƙwayar dawa biyu ba. Raina ya ce in cusa mastik a wuce wurin. Amma abin da wancan mutumin ya yi mini ke nan, kuma ruwa zai shigo ta baya ya ɗaga shi kafin damina biyu. Rami aikin mai walda ne. Na goge wurin da dilwan, na fesa antiruy ciki da waje, na bar shi haka toka-toka.

Mastik ɗin ƙofa ya koya mini hankali. Maganin ɗan kaɗan ake sawa, ni kuwa na matsa da yawa, ga rana ta fara ɗagowa. Ina cikin juyawa uwargida ta leƙo ta ce kunu na hucewa, kafin in amsa mata in waiwayo ya daskare a kan kwalin kamar dutse. Karo na biyu na dama kaɗan, na shafa siriri da tsohon katin waya, ya zauna. Da ya bushe na bi shi da 180, na fesa antiruy, na shiga ciki. Da tsakar rana ba a fesa wa mota fenti a garin nan, ƙarfen na zafi har ba ya taɓuwa, fentin sai ya bushe kafin ya kwanta.

Bayan la'asar na goge antiruy ɗin da 400, na rufe gilashi da hannun ƙofa da tsofaffin takardun jarrabawa. Autana na sa ya yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, gara ma da na yi yanzu kafin hunturu ya shigo. Na girgiza gwangwanin har na gaji da ƙarar ƴar ƙwallon da ke ciki, na tsaya nesa da kamar taƙi ɗaya, na fesa shafi na farko siriri, na jira minti goma, na ƙara. A na uku ne zumuɗi ya kama ni, na matso kusa don in ga ya yi sheƙi, sai fentin ya taru ya gangaro kamar hawaye. Na kai hannu zan share, na tuna zan ƙara ɓatawa ne, na janye. Sai ya kwana biyu ya yi tauri sannan in bi shi da 1500 da ruwa.

Da magariba ta gabato na cire takardun, muka ja baya muna kallo. Daga bakin titi ba za ka ce an taɓa ƙofar ba. In ka matso, sabon wurin ya fi sauran motar haske, don farin da ya sha ranar Maradi shekara da shekaru ya riga ya koma ruwan madara. Uwargida ta ce kamar an sa wa tsoho sabon haƙori guda ɗaya. Na lissafa abin da na kashe, jika tara da ɗari biyar, ban da na mai walda. Gobe in na sauke yara zan biya wajensa da toka-tokan gefena, kuma ba zan matsa daga wurin ba sai na ga ya yanke ruɓaɓɓen ya sa ƙarfe.