Yau na zauna gaban kwastoma

Yau a karon farko oga ya ce in shiga mitin da kwastoma, wani banki da ke son sayar da sabbin hannayen jari, ni da na yi shekara shida ina rubuta kod a bayan fage, ba mai nemana sai in sistem ya tsaya da tsakar dare. Wata bakwai kenan da na koma ɓangaren da ke taimaka wa kamfanoni tara jari a nan Legas, kuma tunda Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ce a 2024 bankuna masu lasisin ƙasa da ƙasa su kai jarinsu naira biliyan 500 aiki bai sassauta mana ba, kullum Excel har ɗayan dare. Ana cikin bayani sai shugaban sashen kuɗin bankin ya ajiye biro ya ce, to in tsofaffin masu hannun jari suka ga farashin ya yi tsada suka ƙi saye fa? Oga ya juyo ya kalle ni. Wallahi tafin hannuna ya jiƙe, amma ni na gina lissafin nan layi bayan layi, nan take na ƙara rangwamen farashin a lissafin na ce yallaɓai ga yawan hannun jarin da za ku ƙara fitarwa kafin kuɗin ya cika.

Bai ce komai ba, ya ɗauki biron ya rubuta lambar a takardarsa. Da can in na yi kuskure gobe na gyara, wannan kuwa gaban daraktoci zai kai ta. Na dawo gida na sake buɗe laptop na duba ta sau biyu, daidai take, amma har yanzu hannunsa nake gani yana rubutawa.