Abin da na koya daga lambobin tsofaffin kayan busa

Kuskuren farko da na tafka a aikin tantance shekarun tsofaffin kayan busa, a kan wani saksofon ƙirar kamfanin Conn na Amurka ne. Na juya bayansa, na ga an buga 8 ga Disamba, 1914 a ƙarƙashin maƙalar babban yatsa, nan take na rubuta cewa a shekarar aka ƙera shi. Maigidana bai yi mini faɗa ba, sai ya ɗauko wasu guda biyu ya jera a gabana, dukansu da wannan kwanan wata, alhali akwai tazarar shekaru a tsakaninsu. Ashe ranar rajistar haƙƙin wata dabarar ƙera ramukan sauti ce, wadda kamfanin ya ci gaba da bugawa shekara da shekaru. Ainihin lambar siriyal, wato lambar jeri da kamfani ke bai wa kowane kayan da ya ƙera, tana ƙasa kaɗan, a ƙarƙashinta kuma akwai harafin L ko H, mai nuna ko an ƙera shi a kan ma'aunin sauti na ƙasa ko na sama. Mai H ba ya jituwa da kayan kiɗan zamani, komai kyansa a ido.

Ko an sami lambar, ba a gama ba, domin jadawalin da ake dubawa don gane shekarar kowace lamba, kintace ne ya fi yawa a cikinsa, musamman na kamfanonin da suka sha sauya hannu, ko suka yi gobara kamar masana'antar Conn da ke Elkhart a jihar Indiyana ta Amurka a 1910. Wani abin da ya fi ruɗa ni shi ne kayan da kamfanonin Conn da Buescher da Martin suka riƙa ƙera wa dillalai, a zana sunan dillali a jiki, lambar kuma sau da yawa ba ta bin jerin kamfanin. Irin waɗannan sai a koma ga siffar maɓallai da salon zanen da ke faffaɗan bakin da sauti ke fita.

Akwai inda lambar ke sauƙaƙa aiki. Masana'antar Selmer ta Faransa ta fara fitar da saksofon samfurin Mark VI a 1954 daga wajen lamba 55,000, masu saye kuma suna rububin waɗanda ba su kai 100,000 ba, ko da yake a ganina kunne ya kamata ya yi wannan hukunci. A kan kakakin Bach kuwa, sunan garin da ke bakinsa shaida ce ta biyu, tunda maƙerinsa Vincent Bach ya koma Mount Vernon a jihar New York a 1953, kafin a mayar da aikin Elkhart a 1965.

Kilarinet, wata irin sarewar Turawa, ita ce ta sa na daina gaggawa, saboda ana rarraba ta gaɓa-gaɓa. An taɓa kawo mini wata wadda lambar gaɓar samanta ta saɓa da ta ƙasa, wato an haɗa ta ne daga guda biyu, dole na rubuta wa mai ita shekara biyu a takarda ɗaya.