Abin da tayar baya ta koya mini

Makon jiya ina tafe a cikin a-kori-kurata da kaya a baya, sai na ji sitiyari yana rawa a hannuna, kafin in ankara tayar baya ta dama ta yi bindiga. Alhamdu lillahi ban taka birki da ƙarfi ba, na riƙe sitiyarin sosai, na sassauta gudu a hankali har na sauka gefen titi.

Da mai faci ya duba, sai ya nuna mini cewa fatar saman tayar ce ta ɓare daga wayoyin ƙarfen da ke ciki, duk da cewa zanenta bai cinye ba. Ya kuma nuna mini lambobi 4 na ƙarshe a gefenta, inda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka ƙera ta. Tawa ta haura shekara 8, ni kuwa zanen kawai nake kallo, ban taɓa tunanin roba tana tsufa ta bushe ko da ba a mora ta ba.

Laifina ya fi yawa, domin na saba lafta kaya ba tare da na ƙara iska ba, kuma taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa ta ɗauki zafi har ta rabu. Irin wannan ɓarewar ce ta sa kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka a shekarar 2000. Yanzu kowace safiya, kafin tayoyin su ɗumama, nake auna iskarsu, har da ta safaya.