37.4 a hammata: awon da ya yaudare ni

Har yanzu idan na tuna lambar nan sai gabana ya faɗi. Ita na gani a ma'aunin zafi cikin dare, na ce ai ba ta kai digiri 38 da ake kira zazzaɓi ba, na mayar da jaririyata shimfiɗa. Makonta bakwai a duniya. Da safe aka auna ta a asibiti ta dubura, sai ga 38.6, nan take aka ba mu gado.

Ma'aunin ba shi da laifi, ni ce na yi awon a gurguje. Hammatarta jiƙe take da gumi ban goge ba, gumi kuwa sanyaya fata yake yi. Kan ma'aunin bai zauna a tsakiyar hammata ba, ya leƙo ta baya yana shan iska. Ga ta tana wutsil-wutsil, hannun ya ɗaga tun kafin na'urar ta yi ƙara. Ko da an yi komai daidai ma, awon hammata yakan gaza ainihin zafin cikin jiki da rabin digiri, wani lokaci har digiri guda. Ashe 37.4 ɗin nan cewa take yi in sake awo, ni kuma na ɗauke ta izinin barci.

Yanzu sai na cire rigar, na goge hammatar da busasshen ƙyalle, na kafa kan ma'aunin can cikin lungu, na manne hannun da haƙarƙari, ba na saki sai ya yi ƙara. Idan daga wanka aka fito, ko an daɗe cikin bargo, ina jira minti 15. Ina aunawa sau biyu, in riƙe lambar da ta fi yawa.

Abin da ya ƙara ruɗa ni a daren shi ne tafin ƙafarta sanyi ƙalau. Haka zazzaɓi yake idan yana hawa: jijiyoyin jini na fata suna tsukewa don jiki ya riƙe zafi, sai hannu da ƙafa su yi sanyi alhali ciki na ci da wuta. Taɓawa da hannu ba awo ba ne, ko hannun uwa ne.

Jaririn da bai cika wata 3 ba, da zarar ya kai 38 asibiti ya nufa, ko ƙarfe nawa ne. Kada a ba shi farasitamol don a ga ko zai sauka, domin maganin ɓoye lambar zai yi, cutar na nan daram. Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko numfashi na fita da ƙyar, ba a ma tsayawa jiran ma'auni.

Ma'aunin da ake sawa a kunne ba ya dacewa da ɗan ƙasa da wata 6, ramin kunnen ya yi ƙanƙanta. Babba mai awo a ƙarƙashin harshe ya jira minti 20 zuwa 30 bayan ya sha abu mai zafi ko mai sanyi, ya kuma rufe baki.

Da nas ta tambaye ni, "Ta ina kika auna, ƙarfe nawa?" sai na yi tsuru-tsuru. Tun daga ranar takarda da biro suna tare da ma'aunin a aljihun tebur, ina rubuta lokaci da lamba da wurin da na auna.