Lababo ke kuka, ciwon yana kan rufi

Layi biyu na karo, wato tayil ɗin bango, aka fasa mini a banɗaki a kan matsalar da ba ta ma cikin banɗakin. Shi ya sa nake rubuta wannan, don na san a Yamai ba ni kaɗai ke da lababo, wato kwanon wanke hannu, mai ƙululu ba.

Nawa ya fara ne gab da damina. Ƙarar ta zo, wari ya biyo ta, da rana tsaka ba ka iya daɗewa a ciki. Na kwance kofin sifon, wato ɗan tarkon ruwan da ke ƙarƙashin lababo, na kwashe gashi da daskararren sabulu, ruwa ya ƙara gudu, ƙarar tana nan daram. Mai gyaran famfon da aka turo mini ko tambaya ɗaya bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce tiyo mai faɗin milimita 32 da ke ciki ya toshe, ko kuma magina ba su ba shi gangare ba. Ya sa guduma. Aka tarar da tiyo fes, gangarensa daidai, wajen santimita 2 a kowace mita. Sai ya share zufa ya ce, "To maigida, sai dai in ramin masai ne ya cika." Muka ɗaga murfi, bai cika ba. Kuɗin aikinsa kuwa bai rage ko dala ba.

Neman karo mai irin launin nawa ya kai ni kasuwar Katako, wurin wani dattijo mai kayan famfo. Ina cikin ba shi labari ya katse ni.

"Yaushe yake kukan? In ka buɗe famfonsa, ko in an ja ruwan masai?"

"In an ja ruwan masai, Baba."

"To me ya kai ku bango? Je ka hau rufi."

Tambayar ke nan da za ta tsirar mini da karo. In lababo na kuka lokacin da ruwansa ke sauka, yawanci datti ne ya rage hanya, wanke sifon ya isa. In kuwa yana zaune lafiya sai an saki ruwa a wani wuri ya ɗauka, iska ce ta rasa mashiga. Ruwan masai na gangarawa a dunƙule cikin babban tiyo mai faɗin milimita 100, yana jan iska a bayansa. Ka san gwangwanin madara, in huda ɗaya ka yi sai ya riƙa zuba da ƙyar, sai ka ƙara ta biyu. Huda ta biyun a gida ita ce tiyon da ke leƙowa saman rufi. Idan ta toshe, iskar sai ta biyo ta lababo, ta zuƙe ruwan da ke kwance a sifon. Wannan ɗan ruwan, wajen santimita 5, shi ke tare warin rami. Ƙarar da warin abu ɗaya ne ya haife su.

Na ari tsani na hau. Bakin tiyon na nan, an cusa masa takardar buhun siminti an shafe da kwaɓi sumul, har da sawun cokalin magini a kai. A watan Mayu na sa aka gyara rufin saboda yoyo, ashe maginin ya ga rami a buɗe ya ce ta nan ruwan sama ke shiga. Da na kira shi cewa ya yi taimako na ya yi. Taimako!

Gyaran bai kai a ba da labari ba. Na yanke kan da zarto, na haɗa guntun PVC da gam, na ɗora masa hular da ake sayarwa don haka, na ɗaure ragar sauro a baki don tsuntsu da kyankyaso. Na ce yaro ya ja ruwa ina sama, na sa tafin hannu na ji iska tana shiga. A ƙasa lababo ko uffan.

Wanda gidansa ba a fitar da wannan tiyon ba tun farko, kuma suna da yawa, akwai ɗan bawul da ake ɗaurawa bayan sifon, iska ta shiga amma wari ba ya fita, ba sai an huda rufi ba. Soda da asid da ake zubawa don buɗe tiyo kuwa ku bar su a kanti. Ba sa buɗe wa iska hanya, kuma zafin soda yana iya lanƙwasa sifon na roba mara kauri.

Duk mai gyaran da ya ɗauko guduma bai tsaya ya ja ruwan masai ya saurara ba, ku ce ya ajiye ta tukuna. Karon nawa dai ba a samu irinsa a Katako ba, an ce an daina kawo shi, sai wani mai ɗan duhu na saya, kuma maginin da ya toshe tiyon har ya aiko wai in ba shi aikin mannawa.